Ƙaramin zalɓen da ke yi wa kifi ƙoto

A bakin tafkuna da koguna na Afirka da Asiya da nahiyar Amurka, akwai wani ƙaramin tsuntsu ɗan gidan zalɓe wanda ya daɗe yana ɗaure wa masana kimiyya kai, saboda yakan jefa ƙoto a kan ruwa domin ya yaudari kifi, kamar dai yadda mai fatsa yake yi.

Tsuntsun bai kai kaza girma ba, kuma mutum yana iya wuce shi sau da dama bai gan shi ba. Amma yana cikin tsuntsaye ƙalilan da aka tabbatar suna amfani da wani abu a matsayin kayan aiki wajen neman abinci.

Sai dai kuma wannan dabara, da ma dukkan salon farautarsa, sun dogara ne ga ruwa marar zurfi mai inuwa da wurin laɓewa, wato irin ruwan da yake ta raguwa a sassa da dama na duniya.

Kamanninsa da danginsa

Masana suna kiran zuriyar wannan tsuntsu da sunan Butorides. Tsawonsa daga baki zuwa jela santimita 40 ne zuwa 48, nauyinsa kuma bai cika wuce giram 250 ba. Idan aka kwatanta shi da babban zalɓe mai ruwan toka, wanda tsawonsa ya kusa mita 1, sai a ga bai wuce rabinsa ba.

Saman kansa baƙi ne, da ɗan tukku wanda yakan miƙe idan ya tsorata ko ya fusata. Bayansa kuwa toka-toka ne mai sirkin kore, ƙafafunsa gajeru ne masu launin rawaya, waɗanda kan rikiɗe su yi ja-ja a lokacin hayayyafa. 'Ya'yan da ba su balaga ba launin ƙasa gare su, da zane-zane a wuya da ƙirji.

Ana samun wannan zuriya a kusan duk yankunan duniya masu ɗumi. Akwai mai jan wuya da ke Amurka ta Arewa da ta Tsakiya, wanda ake kira Butorides virescens, akwai na Amurka ta Kudu, akwai kuma wani mai duhun launi a tsibiran Galapagos, wanda ke farautar ƙaguwa a kan duwatsun bakin teku.

Na Afirka da Asiya da Ostareliya an daɗe ana lissafa shi tare da na Amurka ta Kudu a ƙarƙashin suna ɗaya, Butorides striata. Amma a cikin shekarun 2020, bayan nazarin ƙwayoyin halittarsu, manyan kundayen sunayen tsuntsaye sun ware shi da nasa sunan, Butorides atricapilla.

Duk da wannan rabe-rabe, halayensu kusan iri ɗaya ne. A Afirka ana ganin tsuntsun a mafi yawan ƙasashen da ke kudu da hamadar Sahara, tun daga dazuzzukan ruwan gishiri na gaɓar teku har zuwa bakin kogin Kwara da Binuwai da dausayin yankin tafkin Chadi.

Galibin na Afirka ba sa yin ƙaura mai nisa, sai dai su bi ruwa inda damina ta kai shi. Waɗanda ke hayayyafa a Japan da arewacin Amurka ne suke gangarawa kudu idan sanyi ya shigo.

Farautar mai haƙuri

Babban zalɓe yakan shiga ruwa da dogayen ƙafafunsa ya tsaya a fili kowa yana ganinsa. Ƙaramin kuwa ƙafafunsa ba su ba shi wannan dama ba, saboda haka a gefe yake tsayawa.

Yakan zaɓi reshen da ya sunkuyo kan ruwa, ko saiwar itace, ko dutse, ko ma igiyar kwale-kwalen da aka ɗaure. Sai ya duƙa, ya miƙar da jikinsa daidai da fuskar ruwa, ya janye wuyansa ya cusa tsakanin kafaɗu har mai kallo ya zaci ba shi da wuya.

A haka zai zauna na tsawon mintoci ba ko motsi. Launin jikinsa yana sajewa da inuwar ganye da taɓo, ta yadda ƙananan kifayen da suka watse da zuwansa sukan manta da shi su dawo.

Idan kuma ya ga abin da yake nema yana ɗan nesa, sai ya fara sanɗa. Yakan ɗaga ƙafa ɗaya a hankali, ya riƙe ta a sama, sannan ya ajiye ta ba tare da ya tayar da ruwa ba. Abin da kan tona asirinsa a wannan lokaci shi ne jelarsa, wadda yake ɗan kaɗawa sama da ƙasa idan hankalinsa ya tattaru.

Yatsunsa dogaye ne masu ƙarfin riƙo. Wannan ne ya sa yake iya maƙale reshe ya zuro jikinsa ƙasa, kai a ƙasa jela a sama, ya cafko kifi ya koma mazauninsa. Wani lokaci kuma yakan faɗa ruwan gaba ɗaya idan wurin yana da zurfi, sannan ya yi iyo ya fito.

Abincinsa mafi yawa ƙananan kifaye ne, amma yana cin kwaɗi da 'ya'yansu, da ƙaguwa, da jatan lande, da fara, da mazari, da ƙananan ƙadangaru.

Ya fi yin farauta da sanyin safiya da kuma gab da magariba, ko da yake a bakin teku cikowar ruwa da janyewarsa ne suke tsara masa lokaci. Da zarar ruwa ya ja baya ya bar kifi a ƙananan kududdufai cikin laka, sai ya fito ko da tsakar rana ne.

Tsuntsu ne mai son kaɗaici. Kowane yana da nasa yankin na bakin ruwa, kuma yakan kori ɗan'uwansa idan ya matso. Idan mutum ya firgita shi, sai ya tashi da wata gajeriyar ƙara mai kaifi, ya bi fuskar ruwa ƙasa-ƙasa ya ɓace a cikin duhuwa.

Sirrin wuya da ido

Dukkan wannan jira yana ƙarewa ne da sara guda, wanda ba ya ɗaukar ko daƙiƙa ɗaya. Abin da ya ba shi wannan sauri yana cikin ƙasusuwan wuyansa.

A wuyan dangin zalɓe, ƙashi na 6 ya fi sauran tsawo, kuma yadda ya haɗu da maƙwabtansa ya sa wuyan yake lanƙwashewa gida biyu. Idan tsuntsun ya sake shi, sai kan ya harba gaba kamar kibiya ta bar baka, wuyan da ake zaton babu shi ya miƙe har ya kusa tsawon sauran jikin.

Wannan lanƙwasa ce ta sa ake iya bambanta zalɓe da sauran manyan tsuntsayen ruwa a sararin sama. Shamuwa da gauraka suna tashi ne da wuya a miƙe, amma zalɓe da balbela sukan naɗe nasu.

Sai dai sauri kaɗai ba ya kama kifi, domin ruwa yana yaudarar ido. Duk wanda ya taɓa tsoma sanda cikin ruwa ya ga kamar ta karye ya san wannan. Haske yana karkacewa idan ya fito daga ruwa zuwa iska, saboda haka kifin da ake hange daga sama ba a daidai inda ake ganinsa yake ba, ya fi haka nutsewa.

A cikin shekarun 1980, masanin dabbobi Gadi Katzir da abokan aikinsa a Isra'ila sun yi gwaje-gwaje da wani zalɓen bakin teku, ɗan'uwan wannan tsuntsu, inda suka nuna cewa yana gyara saitinsa daidai da wannan karkacewar haske kafin ya kai sara.

Har ila yau idanun dangin zalɓe suna zaune ne ta yadda suke iya ganin abin da ke ƙarƙashin bakinsu da ido biyu a lokaci guda, abin da ke taimaka musu wajen auna nisa ba tare da sun motsa kai ba.

Idan ya kama kifi, yakan jujjuya shi a baki har kan kifin ya fuskanci maƙogwaro, sannan ya haɗiye shi ɗungurungum. Ta haka ƙayoyin bayan kifin suke kwantawa, ba su soke shi ba.

Yauƙin kifi kuwa yana ɓata gashin tsuntsu. Maganin wannan yana jikinsa: akwai wasu gasu masu laushi a ƙirjinsa da ke rududdugewa su zama gari kamar hoda, wanda yake shafawa a jiki, sannan ya taje da farcen yatsansa na tsakiya, wanda yake da haƙora kamar mataji.

Yadda yake jefa ƙoto

Rahoton da ya fara jawo hankalin masana kan dabarar ƙoto ya fito ne a shekarar 1958, lokacin da Harvey Lovell ya bayyana abin da ya gani a wani tafki a birnin Orlando na jihar Florida a Amurka.

Mutane sun saba jefa wa tsuntsayen tafkin gutsattsarin burodi. Maimakon ya ci, sai wannan zalɓe ya ɗauki gutsure ya ajiye a kan ruwa, ya duƙa yana jira. Da ƙananan kifaye suka taso cin burodin, sai ya riƙa tsince su.

Abin da ya nuna cewa ba katari ba ne shi ne yadda yake lura da ƙoton. Idan ruwa ya fara jan sa ya yi nisa, sai ya ɗauko shi ya mayar kusa. Tun daga lokacin an sha ganin tsuntsun yana ɗaukar ƙotonsa ya koma wani wurin idan kifi bai zo ba.

Bincike mafi zurfi a kan lamarin ya fito ne daga Japan, inda masanin tsuntsaye Hiroyoshi Higuchi ya yi nazarin waɗanda ke lambun Suizenji a birnin Kumamoto, ya kuma wallafa sakamakon a mujallar Ibis a shekarun 1986 da 1988.

Ya gano cewa tsuntsayen suna amfani da abubuwa iri-iri: ƙudaje da sauran ƙwari, da 'ya'yan itace, da ganye, da gashin tsuntsu, da tsinke, har ma da gutsuren soson roba da mutane suka yar.

Waɗannan abubuwa sun kasu gida biyu. Akwai wanda kifi zai iya ci da gaske, kamar ƙwaro, akwai kuma na yaudara zalla, kamar tsinke ko gashi, wanda faɗuwarsa a kan ruwa kawai ke sa kifi ya taso ya duba. Da irin na biyun dole tsuntsun ya kai sara nan take, kafin kifin ya gane ba abinci ba ne.

Higuchi ya kuma ga wasu suna karya tsinke da bakinsu domin ya yi daidai da girman da suke so. Wannan yana da muhimmanci ga masana, domin akwai bambanci tsakanin dabbar da ta tsinci kayan aiki da wadda ta gyara shi da kanta.

Manyan tsuntsayen sun fi ƙanana nasara nesa ba kusa ba. Ƙananan sukan jefa abin da ya yi girma da yawa, ko su tsaya a inda kifi yake hangen su. Binciken ya kuma nuna cewa nasarar kowane tsuntsu tana da alaƙa da irin yankin bakin ruwan da ya mallaka.

Daga baya an sami rahotannin irin wannan hali daga Afirka da Amurka ta Kudu da wasu sassan Asiya. Wani nazari da Graeme Ruxton da Michael Hansell suka wallafa a shekarar 2011 ya lissafa nau'o'in tsuntsaye 12 da aka gani suna kamun kifi da ƙoto, kuma fiye da rabinsu dangin zalɓe ne.

Gado ne ko koyo?

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne tsuntsu mai jin yunwa ya riƙe ƙwaro a baki, ya ƙi haɗiyewa, ya jefa shi ruwa domin ya sami abin da ya fi shi. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma a duniyar dabbobi ba kasafai ake samun mai sakin na hannu saboda na gaba ba.

Masana sun rabu a kan asalin dabarar. Wasu suna ganin a wuraren shaƙatawa ta samo tushe, inda tsuntsayen ke ganin kifi yana taruwa duk lokacin da mutane suka jefa burodi. Wasu kuma suna nuni da cewa an ga halin a wuraren da ke nesa da jama'a, inda ƙwari da ganye kawai ake amfani da su.

Akwai kuma masu ganin cewa abin yana farawa ne da wasa. 'Ya'yan zalɓe sukan ɗauki tsinke su yar a ruwa su sake ɗauka, kuma wanda ya dace kifi ya taso masa yana iya riƙe darasin.

Abin da aka tabbatar shi ne ba kowane tsuntsu ne yake yi ba. A tafki ɗaya ana iya samun gwani guda, maƙwabtansa kuma ba su taɓa gwadawa ba, abin da ke nuna cewa ƙwarewa da wurin zama suna da babban tasiri.

Sauran dangin ma kowa da tasa hikimar. Baƙin zalɓen Afirka yakan buɗe fukafukansa ya rufe kansa da su kamar laima, ya yi inuwa a kan ruwa sannan ya kama kifin da ke ƙarƙashi. Balbela kuwa ta bar wa shanu aikin, tana bin su tana tsintar farin da suka tayar daga ciyawa.

Sheƙa da renon 'ya'ya

Saɓanin balbela da ke cika bishiya guda da ɗaruruwan sheƙa, ƙaramin zalɓe ya fi yin tasa shi da matarsa kaɗai, ko cikin 'yar ƙaramar ƙungiya. Sheƙar ta tsinkaye ce, shimfiɗaɗɗiya marar zurfi, a ɓoye cikin reshen da ke saman ruwa.

Macen takan yi ƙwai 2 zuwa 5 masu launin shuɗi-shuɗi, kuma iyayen biyu suna karɓa-karɓa wajen kwanci na kimanin mako 3. Idan an ƙyanƙyashe, sukan ciyar da 'ya'yan da abincin da suka haɗiye suka dawo da shi.

Tun kafin su iya tashi, 'ya'yan sukan fita daga sheƙa su riƙa hawan rassa da ƙafa da baki. Wannan yana taimaka musu wajen guje wa maciji da guza da hankaka, waɗanda ke cikin masu yi wa sheƙar tsuntsayen ruwa ɓarna.

Makomar dausayi

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ba ta sanya wannan tsuntsu cikin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa ba. Yana da yawa, kuma yana iya zama kusa da mutane, a tashoshin jiragen ruwa da gonakin shinkafa da tafkunan cikin gari.

Amma wurin da yake farauta yana cikin wuraren da suka fi saurin ɓacewa. Wani rahoto da sakatariyar yarjejeniyar Ramsar ta fitar a shekarar 2018 ya ce duniya ta yi asarar kimanin kashi 35 cikin 100 na dausayinta tsakanin 1970 da 2015. Ita dai wannan yarjejeniya ta kare dausayi an ƙulla ta ne a birnin Ramsar na ƙasar Iran a shekarar 1971.

A Najeriya, wuri na farko da ya shiga jerin Ramsar shi ne tafkin Nguru da mashigin ruwan Marma, a shekarar 2000. Yankin wani ɓangare ne na dausayin Haɗeja da Nguru a jihohin Jigawa da Yobe, inda dubban tsuntsayen ruwa daga Turai ke sauka a lokacin hunturu.

Gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, dukansu a jihar Kano, ya sauya yadda ruwa yake isa yankin. Ambaliyar damina da ke shimfiɗa ruwa a fadamu ta ragu, yayin da wasu hanyoyin ruwan suka daina bushewa da rani.

Wannan ya ba ciyawar kacala damar yaɗuwa, har ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren su. Ɗan ciyayi a bakin ruwa maɓoya ce ga ƙaramin zalɓe, amma inda kacala ta rufe ruwan ruf, babu sauran sararin da zai hangi kifi balle ya jefa ƙoto.

A gaɓar teku kuma, dazuzzukan ruwan gishiri na yankin Neja Delta, waɗanda suka fi na kowace ƙasa girma a Afirka, suna fama da malalar man fetur da saran itace, da kuma wani irin kwakwan ruwa da aka shigo da shi Kalaba daga Asiya a shekarar 1906, wanda yake maye gurbin itatuwan asali.

Ruwan gefe marar zurfi, inda wannan tsuntsu yake duƙawa, nan ne kuma 'ya'yan karfasa da tarwaɗa suke girma kafin su shiga babban ruwa su faɗa komar masunta. Saboda haka masu kula da muhalli suke ɗaukar yawan tsuntsaye masu cin kifi a matsayin ma'aunin lafiyar ruwa: inda suka yi ƙaura, alama ce cewa ƙananan kifayen sun ragu, kuma ba da jimawa ba masunta ma za su gani a cikin tarunsu.

A kowace ranar 2 ga watan Fabrairu ne ake bikin ranar dausayi ta duniya, domin tunawa da ranar da aka sa hannu a kan yarjejeniyar ta Ramsar.